Ganyen Shayi a Ƙarƙashin Takalmina

Shekara goma sha ɗaya 'yata ba ta hau bayan babur ɗina ba. Ba ta taɓa cewa ba za ta hau ba, ni ma ban taɓa cewa ta hau ba. Muka bar maganar a tsakiyar gida, kowa yana kewaye ta.

Ni ɗan acaɓa ne tun ina saurayi. A Kaduna na koya. Sau biyu aka ƙona mini babur a rikici, sau biyu na fita da raina. Yadda na zo Kuala Lumpur doguwar magana ce, ba ita ke gabana ba. Abin da na iya a can shi nake yi a nan. Ina ɗaukar dilar yadi daga wani shago a titin Jalan Masjid India, in ɗaure a bayan babur, in kai wa teloli.

Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Tana da shekara goma sha biyu, wata safiya ta makara, na ɗauke ta zuwa makaranta. An sha ruwan sama a unguwarmu Setapak, titi yana santsi. A wata kwana mota ta leƙo, na taka birki, babur ya zame. Na sauke ƙafa kamar yadda na saba. Ƙafar ta tsayar da ni, babur kuwa ya juya ya kwanta a kanta. Ni ko ƙwarzane ban samu ba. Ita sai da aka sa mata ƙarfe a ƙafar hagu. Har yau in ta gaji tana ɗan ɗingishi. Tun daga ranar, bas take hawa da LRT, jirgin ƙasan cikin gari.

Yanzu ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti wajen Titiwangsa. Tun tana ƙarama take son ganin dusar ƙanƙara. Da ta samu hutu mai tsawo, ta ce za ta tafi can ƙarshen arewacin duniya, inda rana ba ta fitowa a lokacin sanyi.

Mahaifiyarta ta ce, "Ke kaɗai? Ba da ni ba. Ni kuma ko firij na buɗe sai na yi atishawa. Ga babanki nan."

Muna cin abinci ta nuna mini hoto a waya. Wani abu ne mai kama da babur, ba shi da taya. Gabansa katako biyu dogaye, bayansa bel mai faɗi irin na katafila.

"Mu biyu ne kawai da jagora, Baba. Kana da lasin, za a ba ka naka ka tuƙa. Ni zan hau bayan jagora."

Na ce to. Na ci gaba da cin tuwona. Amma a raina na yanke magana ɗaya: ba zan dawo garin nan ba sai ta hau bayana. Ban faɗa wa kowa ba.

Akwai wani mai sayar da daskararrun kaji da muke shan shayi tare a wajen mamak, Indiyawan nan masu abinci. Na roƙe shi, kullum in na tashi aiki sai in shiga ɗakin sanyinsa in tsaya tsakanin kwalaye, ina matse hannu ina saki, don in saba da sanyi. Matata ta ji ƙarnin kaza a rigata, ta gane.

"Malam, in ka daskare a can, kada su haɗa ka da kajin su sayar."

"Ba mai saye. Na yi tauri."

Jirgi uku muka hau. Ba zan yi dogon bayani a kan sanyin ba, domin wanda bai je ba ba zai gane ba. Ɗakin kaji wasa ne. Gashin cikin hancina ya sandare kafin in kai mota. Rana ba ta fito ba ko sau ɗaya. Gari yakan yi haske irin na bayan asuba, ya tsaya a haka, zuwa azahar ya fara komawa. Wayar Uwata ce ke gaya mana lokacin salla.

A otal, da safen da za mu fita, na ga ganyen shayi biyu irin mai zare a kan tebur, na zuba a aljihu.

"Baba! Ba ka daina ba? Akwai wasu a ƙasa, ba za su ƙare ba."

"Wanda ke aljihu shi ne nawa."

Jagorar tamu mace ce, mai farin gashi, gajera, fuska duk tamoji. Za ta girme ni. Ta ba mu riguna masu kauri, takalma kamar turmi, hular kwano, safar hannu kan safar hannu. Tana magana da Turanci, Uwata tana juya mini.

"Ta ce totur ɗin ba murɗawa ake ba. Da babban yatsa ake dannawa. Birki yana hagu."

"Na ji."

"Ta ce wannan ba ya kwanciya a kwana kamar babur. Kai ne za ka karkata jikinka wajen da za ka juya."

"Na ji."

"Ta ce ko me ya faru, kada ka sauke ƙafa. Ƙasan ba ƙasa ba ce, kuma bel zai iya ja maka ita."

"Ki ce mata tun ba ta san inji ba nake kan babur."

"Ba zan faɗa mata ba."

Muka tashi. Jagora a gaba, Uwata a bayanta, suna jan wani ɗan amalanke marar taya mai ɗauke da itace da kayan abinci. Ni a baya. Sau biyu na murɗa hannu, inji bai amsa ba, sai na tuna da yatsa. Muka shiga daji. Itatuwa duk sun sunkuya da nauyin fari. Babu gida, babu mutum, babu ko tsuntsu. Muka ga sawun wata dabba ya ratsa hanya ya shige. A miƙaƙƙiyar hanya abin ba wuya. Har na fara raina shi.

Sai ga kwana a gangare. Na juya kan, katakon dama ya ɗaga sama, abin ya karkata. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafata ta hagu ta fita da kanta. Ta nutse har cinya. Ta fizgo ni, na fizgo kan babur, ya bar hanya ya kife a cikin laushi. Na tsinci kaina a kwance ina kallon sama.

Ban ji ciwo ba. Da na ɗago, na ga Uwata tsaye a bakin hanya. Ta ɗaga gilashin hularta. Ba ta yi ihu ba, ba ta matso ba, hannunta yana kan ƙafarta ta hagu. Na san fuskar nan. Na gan ta a gadon asibiti.

Jagora ta duba ƙafata, muka tayar da abin tare. Ta yi magana tana nuna amalanken.

"Ta ce ba abin kunya ba ne. Ka zauna a can cikin bargo, za ta dawo ta ɗauki wannan daga baya."

"Tare da itace?"

"Baba, don Allah."

"Ki tambaye ta, akwai fili a gaba?"

Akwai. Wani tafki ne da ya daskare, nan za mu tsaya cin abinci. Jagora ta dube ni ta daɗe. Ta ce in bi ta a hankali har can. In mun isa, tsawon lokacin da za ta hura wuta ta dafa miya, wannan lokacin nawa ne in gwada. In ban iya ba, amalanke.

Na ce na yarda.

Tafkin ya fi filin idi sau nawa. Fari fat har ƙarshen gani. Ta kafa mini sanduna biyu nesa da juna, ta nuna in riƙa zagaya wannan ta hagu, waccan ta dama.

A nan na tuna da ubangidan da ya koya mini acaɓa. Ranar farko ya sa mini marfin kwalba a ƙarƙashin kowace ƙafa, a kan matakin babur. In marfi ya faɗi, na ɗaga ƙafa ke nan, ranar ba sauran hawa. Na iya a lokacin. Daga baya ramuka da taɓon damina suka koya mini wani karatun, har na manta nasa.

Ba marfin kwalba a nan. Na cire safar hannu, na laluba aljihu, na zaro ganyen shayin nan biyu. Na sa ɗaya a ƙarƙashin kowane takalmi, na take.

Zagayen farko, na hagu ya tafi da iska. Ban ma san na ɗaga ba. Na tsaya, na taka a ƙasa na je na ɗauko shi, na dawo. Zagaye na biyu, na dama. Na ɗauko. Na uku, na hagu kuma. Gumi yana tsatsafo mini a baya, babban yatsana kuwa ya mutu, ban jin komai da shi. Na cusa shi a hamata har ya fara zugi. Daga nesa ina ganin hayaƙi ya tashi. Miya ta hau wuta.

Na dubi ƙafar hagun nan na yi mata magana. Na ce, ke, sau ɗaya kika cece ni kika karya mini yarinya. Yau ba inda za ki.

Sai na lura da wani abu. In na ɗauko dilar yadi mai nauyi ta zame gefe ɗaya a kan titi, ba ƙafa nake saukewa ba, don ba hali. Ƙugu nake zamewa daga kan sirdi in rataya jikina ɗaya gefen. Shi matar nan ke nufi. Na iya abin shekara da shekaru, ban dai san sunansa ba ne.

Na sake tashi. Da na zo sanda, na zame ƙugu ciki, na danne ƙafafu, na juya kan da ƙarfin kafaɗa. Katako ya so ɗagawa, ya fasa. Na wuce. Na zo ta biyu, na yi haka. Ƙafar tana rawa a cikin takalmi kamar za ta tsinke, amma ba ta tashi ba. Na zagaya har sau goma. Na ƙara biyu don kada a ce sa'a ce.

Na zo gaban wuta na kashe inji. Na kira su da hannu. Na ɗaga ƙafar dama, na ɗaga ta hagu. Ga ganyen shayin nan, sun lotse, sun yi baƙi.

Uwata ta yi wa jagora bayani. Matar ta yi dariya har da dafa gwiwa.

"Ta ce ka ci jarabawa. Amma ta ce ko za ta mutu da ƙishi ba za ta sha shayin nan ba."

Muka sha miyar kifi mai zafi a tsaye. Na yi taimama a jikin wani dutse da wuta ta narkar da ƙanƙararsa, na yi azahar a kan fatar da aka shimfiɗa mana. Haske ya fara ja baya.

Jagora ta kashe wuta, ta ɗaure kaya, ta hau nata, ta buga sirdin baya da hannu. Uwata ta sa hula ta nufi wajenta.

Shekara goma sha ɗaya ban buɗe baki ba. Na ga in na bari ta zauna, shi ke nan.

"Uwata."

Ta juyo.

"Zo ki hau."

Ta tsaya tsakanin baburan biyu. Jagora ba ta jin Hausa, amma ta kashe injinta ta jira.

"Hanyar da muka biyo za mu koma, Baba. Kwanar nan tana nan."

"Na sani."

"In ka sauke ƙafar nan..."

"Ba zan sauke ba."

Ta tako a hankali, tana ɗan ɗingishi. Ta miƙo hannu. "Ba ni su." Na ba ta ganyen shayin. Ta durƙusa a ƙanƙara, ta ɗaga takalmina da kanta ta sa ɗaya, ta zagaya ta sa ɗayan. Sannan ta hau. Ba ta riƙe ni ba. Ƙarfen da ke gefen sirdi ta riƙe.

Na bi fitilar jagora. Ban yi gudu ba, ban yi sanyi ba. Na gane wurin tun daga nesa, ga ramin da na faɗa har yanzu a buɗe. Na rage totur. Na ɗaga murya na ce, "Biyo ni da jiki!" Na zame ƙugu. Katako ya ɗaga kaɗan, ƙafata ta motsa a cikin takalmi, na danne ta har haƙorana suka yi ƙara. A daidai nan na ji hannu biyu sun kama ni a ciki, nauyinta ya biyo nawa. Katako ya koma ƙasa. Muka wuce.

Ba ta sake ni ba har muka iso. Da na kashe inji ta riga ni sauka, ta ce in ɗaga ƙafa. Ta duba dama, ta duba hagu. Ta kwashe su ta zuba a aljihunta.

Bayan mun dawo Setapak, ta ci gaba da hawan LRT ɗinta. Wata safiya ina goge babur a ƙasan bene, an yi ruwa, titi a jiƙe, sai ga ta da kayan aiki da tsohuwar hular kwanon mahaifiyarta a hannu.

"Na makara, Baba. Boleh? In hau?"

Na ce hau. Ta sunkuya ta dubi ƙafafuna, ta jira sai da na ɗora ta hagu a kan mataki, sannan ta hau.