Mode Mai Akumari, Wanda Ya Ajiye Jar Riga Saboda Jakuna

Duk ranar kasuwar Gandi, tun kafin masu albasa su sauke kaya, za ka tarar da Mode a gindin tsamiya ya baza tsummoki da igiya da basilla. Akumari yake ɗinkawa, shimfiɗar nan da ake ɗora wa jaki kafin a aza masa kaya. Sai dai kada ka je masa hannu rabbana ka ce ya ba ka guda. Ba ya sayarwa sai ya ga jakin. Zai shafa bayan dabbar tun daga wuya har kuturi, inda ƙashi ya turo ya bar rami, inda baya ya lotsa ya cika da tsumma. Masu gaggawa sun sha zaginsa a ciki, sun kuma sha dawowa.

Yaran yanzu ba su san wannan tsoho ya taɓa sa jar riga ba. Mahaifinsa, Malam Lawwali, manomin gero a Dinawa, sai da ya yi ta kai gaisuwa kafin a ɗauki ɗansa dogari. A wancan zamanin idan Nasara zai yi rangadi, dogarai ke kamo jakunan talakawa su ɗauki kaya. Wata tafiya daga Wurno zuwa Goronyo, Mode ya koro jakar wata tsohuwa, Laraba, wadda ba ta da kowa sai ita. Da aka sauke kaya, akumarin ya taso da fatar baya. Ya mayar mata da jakarta. Tsohuwar ta tsuguna tana kore ƙuda daga mikin da bakin zanenta. Abin ya tsaya wa Mode a rai, har ya kasa sake kama jakin kowa. Kafin kaka ya mayar da rigar, ya je ya zauna gun wani baduku yana koyon ɗinki.

Gari ya ɗauka, wai Mode ya zama dogarin jakuna. Dariyar ba ta dame shi ba. Abin da ya ci masa rai shi ne mahaifinsa, wanda ya ce shi dai bakinsa ba zai sa wa wannan sana'a albarka ba. Kowace Juma'a Mode zai tako Dinawa ya durƙusa ya yi gaisuwa, tsohon ya amsa da "lafiya" ya juya kai. Haka aka yi shekaru.

Kai ne, Mode, ba ka yi fushi ba, ba ka kuma saki basilla ba. Fataken albasa sun shaida, jakin da ya ratsa hannunka yakan kai Rabah ya dawo bayansa sumul. Masu itace da masu ɗiban ruwa, waɗanda jaki ɗaya ke riƙe da gidansu, su suka fi kowa sanin darajarka. Na tsummoki, maganin miki tun kafin ya fito.

Wata ranar kasuwa, sai ga Malam Lawwali da sandarsa, yana jaye da tsohon jakinsa. Ya tsaya a bayan mutane har aka zo kansa.

"Dibi bayan jakin ga," in ji shi.

Mode ya shafa daga wuya har kuturi, ya sake shafawa. "Baba, mi as same shi? Ni ban ga komi ba."

"Na san babu komi. Hannun nika son gani." Tsohon ya kama hannun nan da igiya ta yi wa kanta, ya daɗe yana dubawa. "Allah shi yi ma aikin ga albarka."

Waɗanda ke wurin sun ce ranar Mode bai ƙara ɗinka komai ba, hawaye sun hana shi ganin kafar basilla.

Bana ido ya yi rauni, Mode ya ce zai ajiye aiki. Mun gode, Mode. Jakuna ba su da bakin godiya, shi ya sa muka ara musu namu. Ku kuma samari masu hangen riga, ku leƙa gindin tsamiyar Gandi tun yana zaune, ku ga mutumin da ya bi abin da ya dami zuciyarsa, har albarkar da ya daɗe yana jira ta tako da ƙafarta ta same shi a bakin aiki.