Hannun da Cleophus Ya Ɗaga

Yayana Cleophus Tarver shekararsa sittin da ɗaya, a ƙafa yake raba wasiƙu a garinmu Tallow Creek, can ƙasan jihar Mississippi a Amurka. Har yau in ya leƙa shagon askin Purvis sai wani tsohon banza ya ɗaga hannu sama yana kaɗawa, sauran su kwashe da dariya har da tari. Shekara arba'in ke nan ana wannan shashanci. Ni Odessa, ƙanwarsa, tuni ya ishe ni, don haka zan faɗi yadda aka yi, in sun ga dama su daina gaishe ni.

Gidanmu maza huɗu ne, ni kaɗai ce mace. Duk namijin da aka haifa a zuriyar Tarver don ƙwallo aka haife shi, irin tamu da ake kifa hular kwano a yi ta karo kamar raguna. Babanmu Rufus, dattijon coci, a filin sakandare ya baro gwiwarsa ta dama yana ɗan sha bakwai, kuma yadda yake ɗingishi da ita sai ka ce lambar yabo aka maƙala masa.

Cleophus kuwa ƙafa Allah ya ba shi. Wata kwaleji a jiharmu ta ɗauke shi karatu kyauta, da kaka ya yi mata ƙwallo, da bazara ya yi mata tseren mita ɗari huɗu. Nan ya faɗa hannun koci biyu da ba sa ga maciji. Koci Boudreaux na ƙwallo, mai wuya kamar turmi, ranar Litinin yake ɗora shi a sikeli, yana son ya ƙara nauyi. Koci Pettway na tsere, ɗan siriri mai agogo rataye a wuya, ranar Alhamis yake auna shi, yana son ya rage. Sai yayana ya koma Lahadi ya ci kaza guda da dankali, Laraba ya wuni da ruwa da lemo. Shekara biyu cikinsa bai san wa yake yi wa aiki ba.

Aikinsa a ƙwallo shi ne na wanda uwarsa ba ta so. In abokan hamayya suka doka ƙwallon sama, shi ne zai tsaya can baya shi kaɗai, ido a sama yana jiran ta sauko, ƙarti goma suna sheƙowa kansa a guje. In ya cafe, sai ya ruga da ita. Amma doka ta bar masa mafita: in ya ɗaga hannu ya kaɗa kafin ƙwallon ta iso, ba mai taɓa shi, shi ma ba zai yi gudu ba, a nan za a ajiye ta. Duk duniya ana ɗaga hannun nan, ban da Tallow Creek. A garinmu gara a ce an kama ka kana satar kaji.

A shekararsa ta uku gwiwarsa ta hagu ta kumbura, likita ya zuƙe ruwa daga ciki har sau biyu. Ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in aka sake banko shi ta gefe, ya yi sallama da ƙwallo da tsere gaba ɗaya, ya je ya zaɓi sanda. Koci Boudreaux ya ce, "Kai, rabu da likita! Shi ya taɓa cin wasa? A ɗaure ta tamau, ka shiga." Koci Pettway ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, dawo wajena kacokan. A tsere kowa da layinsa, ba mai bin ka ya karya ka."

Ranar Lahadi ya zo gida, muna cin soyayyar tarwaɗa da burodin masara, ya kawo maganar a hankali.

"Baba, likita ya ce gwiwar nan saura ƙiris."

Baba bai ɗago daga faranti ba. "Guda nawa gare ka?"

"Biyu."

"To ni da ɗaya na yi aure, na haife ku, na gina gidan nan. Ci abincinka."

"In na ga sun matso sosai, ai sai in ɗaga hannu."

Nan cokalin Baba ya tsaya. "Ka ɗaga me? A gidan nan a coci kaɗai ake ɗaga hannu. Tseren naka kuma, mutum ya sa ɗan kamfai yana zagaye fili ba wanda ya biyo shi, wannan wasa ne ko taɓin hankali?"

Mama ta ce, "Rufus, ƙafar yaron ce fa."

"Sunan kuma nawa ne."

Asabar ɗin da ta biyo ita ce babban wasan shekara, ranar da tsofaffin ɗalibai ke dawowa. Cocinmu ta cika motarta da mutum arba'in, da kaji a kwali, da Mama cikin hular da ta fi laima faɗi. An fi mu da maki uku, saura minti biyu a tashi, aka doka ƙwallon sama. Ina ganin Cleophus ɗan mitsitsi a tsakiyar fili, gwiwa naɗe da farin ƙyalle, ƙartin nan na tahowa. Sai na ga hannunsa na dama ya tashi, ya kaɗa sau biyu, ya cafe ƙwallon ya tsaya cak.

Daga nan Purvis mai aski, lokacin yana da gashi, ya miƙe ya kwarma ihu, "Gaisuwa ka zo yi? Wa kake yi wa bai-bai?" Shi ke nan mutum dubu bakwai suka ɗauka. Aka cinye mu. Baba ya naɗe bargon da ya zauna a kai, ya ɗingisa ya sauka, ya shiga mota ya zauna shi kaɗai har aka watse. Ni kuwa daɗi ne ya kashe ni, amma ban isa in nuna ba, sai na cusa cinyar kaza a baki.

Ranar Litinin Cleophus ya mayar da hular kwano. Karatun kyauta ya koma rabi, ya cike sauran da wanke kwanuka a ɗakin cin abinci. Yanzu na san kuna jiran in ce ya zama zakaran tsere, garin ya ji kunya. Ina! Na huɗu yake zuwa. Shekara biyu yana na huɗu kamar an yi masa rajista a wurin. Sau ɗaya ya zo na uku, shi ma don wani yaro ɗan Alabama ya ci abin da ya ɓata masa ciki. Mutanen gari suka ce ya sayar da sunan gidansu a kan na huɗu.

Baba bai kore shi ba, bai zage shi ba, ya dai daina yi masa magana kai tsaye, sai ta bakin mamarmu Loretta. "Loretta, gaya wa ɗanki ya miƙo gishiri." "Loretta, tambayi mai wasiƙa ko takardar fanshona ta zo." Haka aka yi aurensa, haka aka yi sunan 'ya'yansa. Shi kuma bai taɓa mayar da magana ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Sauran yayyena uku, waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba, su ne 'yan lele. Babbansu gwiwoyinsa duka na ƙarfe ne yanzu, na biyun ba ya iya ɗaura takalmi, na ukun kullum sai ya manta inda ya ajiye mota. Cleophus kuwa mil tara yake takawa kowace rana da jaka a kafaɗa, karnukan gari duk sun haƙura da shi.

Bara Mama ta rasu. Baba yana da tamanin da shida, a keken guragu yake. Cocinmu matakala goma sha huɗu ce, an shekara talatin ana taron yadda za a yi wa keke hanya. Muka tsaya a ƙasa, akwatin gawar Mama yana ciki, jama'a na jira. 'Yan lelen nan uku suka shiga kallon juna, kowa na dafe da abin da ke masa ciwo. Cleophus ya cire kwat ya miƙo mini, ya durƙusa a gaban keken ya juya baya. Baba ya daɗe yana kallon bayan nan kafin ya miƙa hannuwa.

Ina biye da su dab. A matakala ta tara na ji Baba ya kai baki kunnensa, ba Loretta da zai aika.

"Ranar nan gefen hagu a buɗe yake. Da ka ruga, da ka kai."

"Na gani, Baba."

"Ka gani?"

"Na gani sarai. Riƙe ni da kyau, saura biyar."

Haushi da kuka suka taso mini lokaci guda, na rasa wanda zan fara. Baba ya ƙanƙame wuyan ɗansa, ya kwantar da kai a kafaɗarsa, Cleophus ya ci gaba da hawa.