Hanyar da Babu Gaisuwa

Shekarar da na bar lakwal, wato makarantar boko, abokaina duk suka watse, wasu bakin tafki wajen bandar kifi, wasu Najeriya. Ni na rage a Diffa, ni da Baba da tsohon kekensa.

Da keken nan yake ratsa gari zuwa lambunsa na tattasai a bakin kogin Komadugu. Wata safiya kamyon, babbar motar kifi daga Bosso, ya matse shi a kwalta, ya faɗa gefe, gwiwa ta goge. Tun ranar ya jingine keke, ya zauna a zaure, tattasai na can yana bushewa. Na ce zan nemo masa hanyar da mota ba ta bi.

Na fara tambayar mutane. Kowa na tare sai in ce, "Hanyar nan lafiya?"

"Lafiya lau."

Wata tsohuwa Babarbariya mai ƙosai ta ce, "Kalewa, ɗana, kalewa," wato lafiya da yarensu. Na bi lungun nata a kan keken Baba, tsidau ya huda mini taya gaba da baya.

Mai facin bakin kasuwa ya yi ta dariya. "Kai ɗan lakwal! Gaishe su ka yi, suka amsa. Wa zai ce maka ba lafiya?"

Sai na canza tambaya. "Ina kika taɓa ganin mai keke ya faɗi?" Nan baki ya buɗe. Tsohuwar ta nuna mini kwanar da rairayi ke kama taya. Wani Bafulatani ya ce in bar burtali ranar kasuwa, shanu ba su san ƙararrawa ba. Masu amalanke suka ce in bi bayan maƙabarta, ƙasar wurin da tauri. Na yi ta haɗawa, ni kaɗai cikin rana, har hanya ta fita tun daga ƙofarmu zuwa bakin ruwa.

Baba ya hau, ina binsa a guje. Ba mota, ba ƙaya. Muka isa lambu lafiya.

Da muka dawo ya jingine keken inda yake dā.

"Baba, hanyar ba ta yi ba?"

"Ta yi, Allah ya yi maka albarka. Amma tun daga gida har lambu, ko mutum ɗaya ban gaisa da shi ba."

Bai sake hawa ba. Ni na ci gaba da ban ruwan tattasai. Kullum nakan bi bayan maƙabarta, in yi wa mamata sallama in wuce.