Albashin Yini Guda

Maiwada mutumin Gumel ne, magini. Ya shigo Riyad a 1974, lokacin da ko'ina ka waiga siminti ake kwaɓawa. Mu goma sha ɗaya ne a wani gida da ke bayan unguwar Malaz, tankin ruwa ɗaya, motar ruwa kuwa sai ta ga dama take zuwa. Dokar gida ita ce duk wanda ya ɓarnatar da ruwa ya biya tarar Riyal ashirin.

Wannan ashirin ɗin ce ta tsone wa Maiwada ido. A wurin lebura guminsa ne na yini guda cur. A wurin Abdulwahid kuwa, mai shagon kayan gyaran mota, kuɗin shayi ne. Ga shi Maiwada ne ya sauke Abdulwahid ranar da ya zo, ya raba katifa da shi wata huɗu.

Ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har wata Juma'a aka zauna aka amince: tara ta koma albashin yini guda, kowa gwargwadon nasa. Abdulwahid ne ma ya fara cewa, "Wallahi Yaya ka kawo gyara!"

Ba a yi wata ba Maiwada ya manta famfo a buɗe. Bai jira a tambaye shi ba, ya ajiye Riyal arba'in da biyar, har da kuɗin ƙarin lokaci ya lissafa.

Sai ga Abdulwahid ya sayi mota, ya ja tiyo daga tanki ya wanke ta tas, mutum goma suka kwana ba ruwan alwala. Aka zauna.

"Albashi kuka ce, ko?" in ji shi. "To wa ke biya na albashi? Shago sunan kafili ne a kansa, Balaraben da ya tsaya mini. Ni ɗan abin da Allah ya hore nake samu."

"Kai Audu, ka ji tsoron Allah! Ka san abin da muke nufi."

"Yaya, bakinka ne ya faɗa, ba nawa ba."

Maiwada ya dubi Malam Ɗanmalam, dattijon gida. Malam ya gyara zama ya ce ai kuwa magana albashi ta ce. Sauran suka sunkuyar da kai. Bakwai daga cikinsu kafilin Abdulwahid ne ke sabunta musu iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Wani lebura ma cewa ya yi dama tun farko wannan doka hassada ce.

A zaman nan aka mayar da tara ashirin. Ba wanda ya tuna da arba'in da biyar ɗin Maiwada.

Ƙarshen wata Maiwada ya koma kwana a rumfar ma'aikata can wajen gari. Shekara shida ya ƙara a Riyad, in sun haɗu da Abdulwahid a masallaci yakan amsa sallama, ya ɗauki takalmansa.