Baba Maina Bai Kallon Sama

Ku da kuka san Baba Maina, ƙanen mahaifina, wa ya taɓa ganin ya ɗaga kai? Ko gaisawa ake, idonsa na ƙasa kamar mai neman allura.

Zamanin Turawa shi ke koya mana ja-gora a fadamar Haɗeja, mu tuƙa baƙi a kwalekwale su kalli tsuntsaye. Karatunsa guda ne tak: "Bature ya zo kallon tsuntsu, kai kalli ruwa. Mutum nawa ka ɗauko, su za ka mayar."

Ina da mata da 'ya'ya biyu na fara koyo, amma ina ɗaga ido sai in ji gorar tuƙi ƙwal a ƙeya.

"Baba, tsuntsuwar dinya ce fa ta wuce!"

"Dinya ta taɓa kifar da jirgi? Dorina kan yi sallama?"

Wani Bature ya taɓa miƙa masa madubin hangen nesa. Baba ya karɓa, ya kafa shi a ido yana duban ruwa, ya daɗe, ya mayar, ya juyo gare ni. "Gaya masa abin ya lalace, ba ya nuna kada."

Wani kuma, mai zafin kai, ya ce lallai a kai shi wajen Auyo. Baba ya dubi ruwa ya ce ba yau ba. Baturen ya kai ƙara, aka kulle Baba kwana biyu. Da ya fito, cewa ya yi, "Ɗaki mai kyau wallahi! Ko kaɗan ba ya tangaɗi."

Ranar da zai sallame ni, ni ke riƙe da gora, shi yana zaune a gaba. Gauraki suka tashi gaba ɗaya, Baturen da muka ɗauko ya yi ihu, ni kuwa na ɗaga kai. Ban ga kumfar dorina mai ɗa ba. Jirgi ya kife.

Baba ya fito da Bature, ya koma ya fito da ni. Sai a gaɓa muka ga yadda dorinar ta yaga wa Baba ciki.

Yana kwance rigingine, ya ce, "Kai, Audu, mu nawa?"

"Uku, Baba."

"To, mun cika." Idonsa na sama, gaurakin na ta kewayawa. "Ashe haka suke? Lallai da kyau."

Har yau ban yafe wa wuyan nan nawa ba. Allah ya jiƙan Baba, ya sa inda yake babu abin tsoro a ƙasa, ya ɗaga kai ya yi kallo son ransa. Amin.