Ɗan Shirwa a Turke

A shekarar da nake koyarwa a wata firamare a Keffi, muna zaune ni da Inna a Angwan Iya, wasu shirwa biyu suka yi sheƙa a kan maɗacin da ke bayan katangarmu. Babu wanda ya sani, don maɗacin dogo ne, ganye ya rufe shi ruf. Ni ma abin da ya sa na gani, ina hawa benen da yayana ya fara ginawa bai ƙarasa ba. Can nake ɓuya da la'asar da littattafan soyayyata, waɗanda nake saye a kasuwa tun ina 'yar sakandare.

Daga saman benen ana hango sheƙar ta wata kafa tsakanin rassa. Tarin ƙirare ne da tsummoki da leda, amma a idona ɗakin amarya ne. Macen tana kwance a ciki, namijin yana shawagi a sama ba ya ko kaɗa fiffike, wutsiyarsa mai baki biyu tana juyawa hagu da dama. Sai ya yi wani fito siriri mai rawa, ta amsa masa daga cikin ganye, ya sauko ya ajiye mata abin da ya samo. Na karanta jarumai da yawa da ke kawo wa masoyiya turare da mukullin mota, amma ban taɓa ganin wanda ke zuwa kullum ba ya fashi kamar wannan tsuntsu ba. Na yi ta ɗaukar su da waya, sai dai duk hoton da na duba ɗigon baƙi ne a farin sama.

A bikin wata ƙawata na haɗu da wani mai hoto. Yana da shago a Sabon Gari, tsakanin mai facin taya da wata coci. Dogo ne, mai sanyin murya, irin wanda littattafaina suka daɗe suna yi mini alkawari. Na nuna masa ɗigon baƙina, ya yi dariya ya tambaye ni ko ƙuda ne. Ranar Asabar sai ga shi da kyamara mai dogon baki. Ya gaida Inna har ƙasa, ta sa aka shimfiɗa mana tabarma a saman benen inda take iya hango mu daga tsakar gida. Ya koya mini yadda ake riƙe numfashi kafin a danna, da yadda ake juya wa rana baya. Shi ya fara kirana Gimbiya. A cikin kyamararsa na fara ganin bakin shirwa rawaya ne kamar an shafa masa ƙwai.

Abu ɗaya ne ba ya gamsar da shi. Yakan ce hoton tsuntsu da ba a ga ƙwayar idonsa ba, ba hoto ba ne, kuma akwai masu baje kolin hotuna a Abuja da ba za su ko kalli na nesa ba. Ni kuwa nesan ta ishe ni.

Ƙwai biyu suka ƙyanƙyashe. Babban ya yi ta saran ƙaramin a ka duk lokacin da aka kawo abinci, uwar tana tsaye tana kallo ba ta raba su. Na kawar da kai, shi kuwa ya yi ta dannawa. Bayan 'yan kwanaki ɗaya ya rage a sheƙar. Na ce wa raina ciwo ne ya ɗauke ɗayan, na zuba duk son da nake da shi a kan wanda ya rage. Burina kawai in ga ranar da zai tashi. Gashinsa ya fara duhu, yana tsayawa a bakin sheƙa yana gwada fiffike.

A unguwarmu ana rina 'yan tsaki. Da an ƙyanƙyashe su sai a tsoma su a galura, wai shirwa ba ta gane su in sun sauya launi, kuma kowane gida da nasa launin don kada kaji su cakuɗe. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Mada da mijinta ya rasu, wadda duk muke ce wa Mama, ruwan hoda take yi. Kajin nan su ne gonarta, su ne fanshonta. A ranin nan 'yan tsakinta suna ta ɓacewa, ta zargi muzuru, ta zargi jaba, har ta daina gaisawa da wasu maƙwabta.

Wata la'asar na ɗauki hoton da ya fi kowane kyau a rayuwata. Namijin ne ya nufo sheƙa, fikafikai a buɗe, rana ta haske ƙirjinsa, ga wani abu ruwan hoda a ƙafarsa. Na san shirwa tana kwaso ƙyalle ta kai sheƙa, amma zuciyata ta ce fure ne. Mai hoton ya tura mini a waya, na ɗora a sitatus, na rubuta a ƙasa cewa ko tsuntsu ya san a kai wa masoyiya fure.

Washegari Mama ta yi sallama da wayar surukarta a hannu. Ta gaisa da Inna a tsanake, ta tambaye ta ciwon ƙafarta, sannan ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton ta miƙo mini.

"Malama, furen nan naki yana da ƙafafu," in ji ta.

Yana da su kuwa, 'yan sirara guda biyu, a lanƙwashe. A bayan tsuntsun kuma ga reshen maɗacin, ga gefen sheƙar, kowa ya gani ya san wurin.

Na roƙe ta. Na ce da ruwa ya sauka shirwa za su bar gari kamar yadda suke yi kowace shekara, ta yi haƙuri ɗan ya tashi. Na ce zan sa a yi mata akurki na raga. Ta ce kajinta ba fursunoni ba ne, a bola suke kiwo tun kakanninsu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, wadda ba ta ajiye ko ɗaya ba dole ta ga fure. Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Na hau keke na tafi Sabon Gari ina share hawaye da gefen mayafi. Ya saurare ni har na gama, ya ba ni ruwan sanyi, ya ce in bar masa komai a hannunsa. A hanyar dawowa har wani daɗi nake ji a ƙarƙashin kukan, don wannan shafin na san shi, inda jarumi ke miƙewa ya tare wa masoyiya faɗa. Ya je ya ga Mama, ya fito yana murmushi, ya ce sun daidaita. Ban tambaye shi a kan me ba.

Ranar Asabar na je taron iyaye da malamai. Ina dawowa da hantsi, tun daga bakin layi na ji fiton shirwa, amma ba irin wanda na sani ba. Wannan a tsinke yake, ba ya yankewa. Na shiga gidan Mama ko sallama ban yi ba.

An kore kaji an share tsakar gidan fes. A tsakiya an kafa turke, an ɗaure ɗan shirwa da igiya a ƙafa, a cikin rana, bakinsa a buɗe yana haki. Wani mai saran itace daga Garaku ne ya hau maɗacin ya sauko da shi, yanzu yana tsugune a inuwa yana cin rake. Ya kewaye turken da zarge-zargen zaren kamun kifi, ya binne bakinsu a ƙasa. Mai hotona kuwa yana kwance rub da ciki a bayan zana, ya zuro bakin kyamara ta wata ɓula. Daidaitawar ke nan: shi ya fara samun hotonsa, sannan Mama ta samu tsuntsayenta.

Na kira shi. Bai ɗago ba.

"Yi shiru mana, Gimbiya, za ki kore ta. Hasken nan ba zai jira mu ba."

Uwar tana ta kawo sura tana komawa, iskar fiffikenta tana tayar da ƙasa. Duk saukowa sai in ji ƙarar kyamara, ƙyas ƙyas ƙyas. Na nufi turken, mai saran itacen ya miƙa sandar rakensa ya tare ni yana dariya, ya ce Hajiya a yi a hankali, akwai tarko. Mama tana kan kujera 'yar tsugune, ta ce in dai kallo na zo in samu wuri, in kuwa wa'azi ne ta yi nata ranar Lahadi.

Can uwar ta tafi, ta dawo da ƙadangare a ƙafa. Ta daɗe tana kewayawa. Ɗan ya ga abinci ya ƙara kuka, sai ta sauka. Ta taka sau ɗaya, zaren ya shaƙe ƙafarta. Ta yi ta bugun ƙasa da fikafikai har gashi ya tashi, ɗan kuma ya ja ƙadangaren yana ci a gefenta.

Mai hoton ya fito daga bayan zana da rarrafe. Ya ce wa mai saran itacen ya riƙe ta tukuna, ya juya kanta wajen rana, ya ɗan ɗaga, ya ɓoye hannunsa kada ya fito. Ya matsa har bakin kyamarar ya kusa taɓa ta. Da ya gama ya duba abin da ya ɗauka, ya gyaɗa kai, ya ce to. Mutumin ya murɗe wuyanta kamar mai matse wanki. Aka ɗaure ta a dogon gora, fikafikai a warwatse, aka kafa a kan rufin kajin don sauran shirwa su gani.

Na ce a ba ni ɗan. Mama ta ce sai uban ya zo, ai shi ne ɓarawon. Na tabbata zai zo. Na hau bene na zauna ina jiransa, rabin raina yana roƙon ya zo, rabi yana roƙon kada ya zo. Ya bayyana da azahar can sama, ya kewaya gidan, ya yi fito sau ɗaya ko biyu, ya karkata wajen mayanka inda shirwa ke taruwa. Bai sake dawowa ba. Ɗan ya ci gaba da zama a turke, kukansa yana raguwa kullum, har ya zama ba a jin sa sai an matsa kusa.

Mai hoton ya zo zance da yamma kamar kullum, da turarensa. Ya ce in bar ɓata rai, da ma Mama kashe su za ta yi ko da shi ko ba shi, gara da aka samu abin tunawa. Ya ce har ya tura Abuja, sun yaba. Ya miƙo wayar ya ce in dubi idon. Na ce kaina ke ciwo, na shige gida. Inna ta ce kada in kori mutumin kirki a kan tsuntsun da ko ci ba a yi.

Da Mama ta fid da rai da uban, ta aiko surukarta da ɗan a cikin kwali. Ƙafar da aka ɗaure ta kumbura, tururuwa sun shiga ƙarƙashin fiffikensa. Na share su da auduga, na ɗiga masa ruwa, na yanka hanta ƙanana na kai bakinsa. Ya tattara ƙarfin da ya rage masa ya kama yatsana har jini ya fito, hantar kuwa bai haɗiye ba. Da safe na tarar ya miƙe ƙafafu. Inna ta ce in fitar da shi kafin ya yi wari.

Na kai shi gindin maɗacin da 'yar fartanya. Ƙasar rani ce, ta yi tauri kamar siminti, ga saiwoyi, ga lokacin makaranta ya yi. Na tona iya abin da na iya, na rufe shi na tafi. Da na taso na biyo ta wurin, na tarar kajin unguwa sun tone ramin. Wata babbar kaza ta take fiffiken da ƙafa tana ja, 'yan tsakinta suna rububin abin da ta yago. Na ce as, suka matsa kaɗan, suka tsaya suna jira in wuce.