Ƙararrawar Tunkiya a Ƙafata

Jiya a hostal wani ɗan iska ya wurga dutse cikin tankin ruwa, na ji tunjum! Yasin sai da tsigar jikina ta tashi. Nan take na gan ni a gidanmu na ƙauye, can gefen Kiyawa.

Akwai wata tsohuwar rijiya a bayan rumbu. In ka leƙa baƙi wuluk, sai wani sanyi ya bugo maka fuska da warin gansakuka. Ni kuma ɗan nema, nan ce majalisata. In zauna a baki, ƙafafu na reto a ciki, ina jefa tsakuwa ina jiran ƙara. Kuma ka san wani abu? Ban taɓa niyyar zuwa ba. Za a aike ni sayo magi, sai kawai in tsinci kaina a can.

Baba ya zane ni, Inna ta yi kuka, duk a banza. Ga damina ta yi nisa, ƙasar bakin ta jiƙe sharkaf har ta fara tsagewa. Kwaɗin ciki ma sun yi shiru.

Rannan Kaka ta kira ni tana tsinkar rama. Ta kwance ƙararrawar wuyan tunkiyarta ta ɗaura min a idon sawu.

"Haba tsohuwa, ni ne tunkiyar?"

"Ai ta fi ka, angon banza. Ita ta san inda za ta."

"Don ki riƙa ji na ne, ko?"

"Da wane kunnen? Don ka ji kanka ne. In ta yi ƙara, tsaya ka tambayi ƙafarka ina za ta."

Yaran unguwa suka sa ni gaba da "meee", na sha haushi ba kaɗan ba. Amma fa harkar ta ci. Da na ji ƙara sai in tsaya, in na gano rijiya na nufa, in juya in je in zuba wa awaki harawa.

Wani hantsi, ruwa ya ɗauke ke nan, ƙararrawar ta yi ƙara daidai rumbu. Na tsaya cak. Ina cikin rigima da ƙafata sai na ji rugum! Bakin rijiyar, har da dutsen da nake zama a kai, ya rufta ciki. Ruwan ya yi ɓulɓul, ya yi tsit. Kaka ta fito da carbinta a hannu tana salati.

Yanzu an cike ramin, an kafa tuƙa-tuƙa, tsohuwa ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ni kuma ga ni a Dutse, ɗan jami'a guda, ana ta shan shagali. Sai dai makon jiya na ɗago kai daga waya na gan ni a tsakiyar titi, mai adaidaita na surfa min ashar, tayarsa a kan silifas ɗina. Ban san sanda na sauka kan kwalta ba.

Tun ranar in zan fita waya tana jaka, zif a rufe. Amma babban yatsana har yanzu yana motsi shi kaɗai a cikin aljihu.